Tankar da na shiga a Iraƙi da ƙaryar da na yi a kan fom

Ranar da sakamakon gwajin fitsarina ya fito, na zauna cikin mota a bakin asibiti kusan rabin awa ban tayar da ita ba. Shekara 19 ina ɗauke da tsoron abu guda, ƙurar harsashin yuraniyam da na shiga cikinta a yaƙin Iraƙi, sai ga takarda ta ce babu shi a jikina, abin da ke cin ƙodata kuma wani ciwo ne daban da na daɗe ina yi wa riƙon sakainar kashi. Har yau in na tuna, hamdala da jin haushin kaina tare suke taso mini.

Daga Kano na zo Amurka da bizar caca, na shiga soja a 2000 a matsayin bakanike. A watan Afrilun 2003 muna kudu da Bagadaza, aikinmu janyo motocinmu da suka lalace da gyara su. Ƙonannun tankokin Iraƙi kuwa ga su nan birjik a gefen hanya. Wata rana da la'asar aka tsayar da ayarinmu kusa da wata tanka ƙirar T-72, sai ni da abokan aikina biyu muka haye kanta. A gefenta akwai wata 'yar huda zagayayya sumul, kamar da injin huda aka yi ta. Na leƙa ta ƙofar sama, daga nan na zura jiki na shige gaba ɗaya. Komai ya ƙone ƙurmus, wata baƙar ƙura mai laushi kamar kwalli ta lulluɓe ko'ina. Da tafin hannuna na share wani allon ƙarfe don in ga rubutun da ke jikinsa. Takunkumina yana rataye a ƙugu, ko taɓa shi ban yi ba. Na yi kamar minti goma a ciki, na fito na goge hannu a wando, na yage ledar abinci na ci.

Irin wannan huda harsashin da sojoji ke kira di-yu ne yake yin ta. Idan aka tace ƙarfen yuraniyam don a cire ɓangaren da ake yin makamashin nukiliya da shi, ragowar da ta saura, kamar dusa bayan an tankaɗe gari, ita ake narkawa a yi harsashi. Ta fi darma nauyi nesa ba kusa ba, kusan ninki 1.7, shi ya sa take ratsa sulken tanka. Tana bugun ƙarfe sai ta kama da wuta, wani sashenta ya zama ƙura. Tankokinmu na Abrams da motocin Bradley da jiragen A-10 duk suna harba ta. A yaƙin 1991 kaɗai an harba kimanin tan 300 a Iraƙi da Kuwait. An taɓa yi mana bayanin wannan a wajen horo, amma da na ga tankar nan, sha'awar leƙawa ta rinjayi abin da aka koya mini.

Wannan kuskure ne, na yarda, amma ba shi ya fi cutar da ni ba. Da za mu koma gida, a Kuwait aka raba mana fom na duba lafiya. Akwai tambayar ko ka shiga wata motar yaƙi da aka tarwatsa ko ka matsa kusa da ita. A layi ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda ya ce e, za a riƙe shi don ƙarin gwaji, jirgi ya tashi ya bar shi. Ban san gaskiyar maganar ba, ban kuma tambayi kowa ba. Wata bakwai rabona da amaryata, Inna kuma tana kwance ba lafiya a Kano. Na ɗora biro a kan "a'a". Da wannan ɗan zane na toshe wa kaina hanyar gwaji a lokacin da ya fi amfani, don yawancin yuraniyam da ya shiga jini cikin 'yan kwanaki yake fita ta fitsari, abin da ya maƙale a huhu ne kawai ke daɗewa yana narkewa kaɗan-kaɗan.

Daga nan sai tsoro ya zauna mini. Na shiga intanet ina karanta duk abin da na ci karo da shi, na gaskiya da na ƙarya, har da hotunan jarirai da ban so in sake gani. Lokacin da matata take da cikin fari, wata tara ban yi barcin kirki ba, ban kuma gaya mata dalili ba. Aka haifi yarinya lafiya lau, amma tsoron bai tafi ba. Ciwon kai, di-yu. Kasala, di-yu. A 2011 likita ya ce ina da hawan jini, ya rubuta mini magani. Na sha na wata biyu na ajiye, don na riga na yanke wa kaina cewa guba ce a jikina, ƙwayar hawan jini me za ta yi mata? Ga ciwon baya da aikin bakanike ya bar mini, kullum ina haɗiyar ibuprofen kamar gyaɗa. Duk wannan bai sa na nemi gwajin ba, domin neman sa yana nufin in buɗe baki in ce na yi ƙarya a fom.

A 2022 ƙafafuna suka fara kumbura, gwajin jini ya nuna ƙoda ta yi rauni. A daren na faɗa wa matata komai. Ta yi shiru, can ta ce, "Baban Ummi, shekara 19 kana kwana da wannan a ranka ni ban sani ba? Gobe da safe za ka kira su, ina zaune." Na kira ofishin kula da tsoffin sojoji, muryata na rawa. Babu wanda ya tuhume ni da maganar fom. An yi mini tambayoyi: a ina, yaushe, minti nawa, da takunkumi ko babu. Aka ba ni galan na musamman. Fitsarin farko na asuba a zubar, daga nan duk wanda aka yi cikin awa 24 a tara shi a ciki, kada a bar ko ɗaya, kada kuma a juye a wani mazubin. Shi ke nan gwajin da na guje wa tun ina saurayi.

Likitar ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Kowane ɗan Adam yana da ɗan yuraniyam a fitsarinsa daga ruwa da abinci, saboda haka ba adadin kawai ake dubawa ba, ana duba irinsa. Na ƙasa, wato wanda ake samu a ruwa da abinci, yana da kashi 0.7 cikin ɗari na nau'in da ake kira U-235, na harsashi kuwa an rage shi zuwa wajen 0.2. Nawa na ƙasa ne, adadinsa daidai da na kowa. Ta ce an kasa sojoji mataki uku: waɗanda ke cikin mota lokacin da harsashin ya same ta da waɗanda suka kutsa ceton su, sai masu aikin gyara ko kwashe irin waɗannan motoci, sai na ƙarshe irina, masu leƙe da waɗanda hayaƙi ya bi ta kansu. Tun 1993 asibitin tsoffin sojoji na Baltimore yake bibiyar 'yan matakin farko, wasunsu da ɓarɓashin ƙarfen a cikin tsokarsu. Har yanzu yuraniyam yana fita da yawa a fitsarinsu, amma ba a ga mummunar lalacewar ƙoda a tare da su ba. Sannan ta juya kwamfutar ta nuna mini awon hawan jinina na shekara 11 a jere, ta tambaye ni ƙwayar ciwon baya nawa nake sha a rana. A nan na gane abin da ya ɓata mini ƙoda: hawan jinin da na ƙi sha wa magani da ƙwayar ciwon bayan nan. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai a kare saura.

Kada wani ya ɗauka ina wanke di-yu ne. Ƙarfe ne mai guba irin darma, ƙoda yake fara taɓawa, kuma radiyeshan ɗinsa, wato tiririn da yake fitarwa wanda ido ba ya gani, duk da bai kai na yuraniyam ɗin ƙasa ba kuma ba ya ratsa fata, idan ƙurar ta zauna a huhu tana nan tana aiki a kan naman da ke kusa da ita. Ba ya kuma ƙarewa a zamaninmu: sai bayan shekara biliyan 4.5 rabinsa ke gushewa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta je Kosobo da Bosniya bayan yaƙi, ta tarar da harsasan a binne suna yin tsatsa cikin ƙasa, ta ba da shawarar a kwashe su a riƙa auna ruwan sha. Da na ji a 2023 an tura irin waɗannan harsasai Yukiren, gabana ya faɗi.

Duk wanda ya yi aikin soja a irin waɗannan wurare, a ƙarƙashin kowace tuta, shawarata ita ce kada ya hau ƙonanniyar tanka don hoto, kada ya ɗauki guntun ƙarfe tsaraba, in aiki ya tilasta masa ya sa takunkumi da safar hannu, ya wanke hannu kafin ya kai komai baki. In an ba shi fom ya faɗi gaskiya ko da jirgi goma za su tashi su bar shi. In kuma ya riga ya yi irin tawa, ya nemi gwajin, ya ci gaba da shan maganin ciwon da aka tabbatar yana da shi kafin sakamako ya fito.

Ni minti goma na yi a cikin tankar nan, kuma na samu likita da injin da zai auna ni. Da ayarinmu zai tashi a ranar, wasu yara uku sun riga sun haye ta, ƙafa ba takalmi, suna zaro wayoyin tagulla su kai wa 'yan gwangwan. Ƙaraminsu bai wuce shekara takwas ba, ya ɗago mana hannu, tafinsa baƙi ƙirin kamar nawa.