Akayau a Cikin Buhu, Daga Kano Zuwa Kaduna

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu goma sha biyu masu rawan Koroso, da makaɗa uku, da maigidanmu da muke ce wa Baba. Akayau ɗinmu na cikin buhu a bayan bas, duk ramin da direba ya faɗa sai sun amsa. A Zariya muka sha koko da ƙosai a tsaitsaye, muka wuce Jaji da Mararrabar Jos. Hantsi ya dubi ludayi muna kan gadar Kawo.

Gasar ƙungiyoyin matasa ce ta kawo mu. Amma sai da Baba ya sa direba ya ratsa ta Dandalin Murtala, ya nuna mana filin da aka yi hawan daba na FESTAC, wato bikin al'adun Afirka da baƙaƙen fata na duniya, a 1977. Yana yaro aka kawo shi kallo. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda dawaki masu yawa suke zabura tare, su ja birki tare.

Wata uku muna atisaye, kullum maganarsa gare ni ɗaya ce: "Ɗana, daina sauraron ƙafarka, saurari ta na kusa da kai." Ina amsawa da to, amma a raina ina ganin ni na fi kowa tsalle, ni ke ɗauke da ƙungiyar.

Bayan la'asar aka kira mu. Sarewa ta ɗauka, muka shiga bibbiyu, namiji da mace. Rawa ta yi rawa, ƙura ta tashi, kwatsam igiyar akayau na ƙafar dama ta tsinke. Na ji ƙafar ta yi sakayau, ta mutu, ba sauti. Gabana ya faɗi. Abokiyar rawata, yarinyar da ban taɓa yaba wa ba ko sau ɗaya, ta shure shi gefe ba tare da ta dubi ƙasa ba, ta matso har kafaɗarmu ta haɗu, ta ƙara ƙarfin takunta don ya rufe gurbin nawa. Ta cikin murmushi ta ce, "Yaya, bi ni kawai." Na bi ta. Ranar na fara jin sautin sauran ƙafafun nan, waɗanda wata uku suna gefena.

Na biyu muka zo. Wata ƙungiya daga Kudancin Kaduna ce ta cinye, kuma wallahi sun cancanta: sun fi mu yawa, amma in ka rufe ido sai ka rantse mutum ɗaya ke taka ƙasa.

A hanyar komawa kowa ya yi barci. Baba bai ce mini uffan ba a kan igiyar. Wajen Rigachikun ya miƙo mini sabon zare da basilla, na jawo buhun, na kunna fitilar waya. Da nata na fara.