Tsibiran Bijagos: inda dorina ke iyo a teku

A watan Nuwamba, damina na janye jiki, muka shiga jirgin ruwa daga Bisau, babban birnin Gini Bisau, muka nufi Bubake, ɗaya daga cikin tsibiran Bijagos. Jirgin maƙare yake da buhunan shinkafa da jarkokin fetur da kaji ɗaure a kwanduna. Kuɗin jirgi da sefa na biya, irin wadda ke aljihuna tun daga Maraɗi, don ƙasashenmu kuɗi ɗaya suke ci.

Tsibiran Bijagos 88 ne, amma waɗanda mutane ke zaune a kai dindindin ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Komai a nan sai da yardar ruwa. Sau biyu a yini teku ke cikowa, sau biyu yake janyewa, idan kuwa ya janye sai ya bar fili na taɓo da yashi iya ganinka. Mai kwale-kwalen da ya makara sai ya zauna a kan taɓo ya jira. Wannan lokacin ne na mata. Suna fitowa da kwanduna a ka, su duƙa suna tono 'yan ƙananan kawa da suke kira kombe, a dafa a ɓare a shanya. A gefensu tsuntsaye ne birjik suna kiwo, waɗanda suka tsere wa sanyin Turai da Saiberiya, ba mai korar wani.

Abin da ya kawo ni shi ne dorinar tsibirin Orango. An mai da yankin gandun dabbobi na ƙasa, kuma dorinarsa ta sha bamban da wadda muka sani a kogin Kwara, domin tana shiga ruwan gishiri, har takan yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Mun taka da ƙafa cikin ciyawa mai kai wa ƙugu har tafkin Anor. Kafin mu isa, ɗan rakiyarmu ya tsaya ya nuna mana wata hanya da ta murƙushe ciyawa ta miƙe zuwa bakin teku, sawu manya-manya a cikin laka. Ya ce da dare suke bin ta. A tafkin kuwa kunnuwa da hanci kawai muka fara gani, sai wata uwa ta ɗago, ɗanta manne da wuyanta, ta yi wani gurnani da na ji har cikin ƙirjina.

Zama da dorina ba wasa ba ne. A dare ɗaya tana iya cinye gonar shinkafar da gida guda ya dogara da ita. Duk da haka mutanen Orango ba sa farautarta, suna girmama ta a al'adarsu. Da can kwana ake yi a gona ana kaɗa gwangwani da hura wuta, yanzu wasu fadamun an kewaye su da waya mai lantarkin hasken rana.

A ƙauyen Etikoga muka yada zango. Can ne kabarin sarauniya Okinka Pampa, wadda ta rasu a 1930, ana tunawa da ita saboda yadda ta tsaya wa mutanenta a gaban Turawan Fotugal. Har gobe mata na da ƙarfin faɗa a ji a nan. Su ke gina ɗakunan laka da jinka, su ke kula da wuraren ibadar gargajiya, kuma a al'adar Orango mace ce ke zaɓar miji: takan dafa kifi da manja ta ajiye a gaban wanda take so, idan ya ci magana ta ƙulla. Maza su ke hawan bishiyar kwakwar manja da igiya a ƙugu, su ke sassabe. An ba mu shinkafa da kifi da manja ja wur a ƙwarya ɗaya, muka ci da hannu.

Tsibirin Poyilawo ya fi tsaya mini a rai. Ƙarami ne, ba kowa a kansa sai masu gadi da masu bincike a lokacin ƙwai, yana cikin gandun teku da aka kafa a 2000. Mutanen tsibirin Kanyabake ne masu shi, kuma a wurinsu wuri ne mai tsarki: ba a zubar da jini, ba a binne gawa, ba a kafa gari. Ni Musulmi ne, aƙidarsu ba tawa ba ce, amma ido ba mudu ba ya san kima. Wannan hanin ne ya sa kunkuran teku dubbai ke zuwa yin ƙwai a nan duk damina, har wurin ya zama cikin mafi girma irinsa a Afirka. Tun kafin hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsibiran a matsayin wurin adana halittu a 1996 dokar dattawa ke aiki.

Da dare, ba fitila ba surutu, muka durƙusa bayan wata uwar kunkuru da ta fi ni nauyi nesa ba kusa ba. Ta haƙa rami da ƙafafun baya, tana kwasar yashi a hankali tana jefarwa gefe, sannan ƙwai suka fara zubowa bibbiyu uku-uku, farare masu laushi, sama da ɗari. Ta rufe, ta daddaɓe, ta ja jiki zuwa ruwa tana numfashi da ƙyar. Bayan kimanin wata biyu za su ƙyanƙyashe, kuma zafin yashi ne ke yanke ko mata za su fito ko maza. Yashi ya yi zafi, mata su yi yawa.

A hanyar komawa muka wuce wani sansanin masunta baƙi da suka zo daga ƙasashe maƙwabta. Hayaƙin bandar kifi ya turnuƙe, an sare itatuwan bakin ruwa da ake kira tarafe an jibge su don wuta. Cikin saiwoyin waɗannan itatuwa ƙananan kifaye ke girma, nan ayu ke fakewa, nan mata ke samun kawa. Su ma masuntan abinci suke nema, na sani, amma ba sa ƙarƙashin hanin dattawan Bijagos, kuma tarunsu na kama kunkuru tare da kifi. Ɗan rakiyarmu ya rage gudun inji, ya ƙirga kwale-kwalensu, ya rubuta a littafinsa don ya kai wa masu gadin gandun.