Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Na Nemi Kujerar Majalisa

Makon jiya na tsaya ne a inda na miƙa takardar barin aikin koyarwa. Jikokina sun dame ni da tambayar abin da zai sa magidanci mai iyali ya bar albashin da ke zuwa duk ƙarshen wata ya kama abin da ba shi da tabbas. Doka ce ta ce ma'aikacin gwamnati ba ya tsayawa takara sai ya ajiye aiki. Amma abin da ya tura ni ya girmi wannan doka, shi ne haraji.

Yaran yanzu ba su san haraji ba, shi ya sa suke jin sunansa ba sa jin komai a jikinsu. Da kaka ta yi, masu unguwanni za su fara bin gida-gida. A lokacin ne hatsi ya fi araha, kuma a lokacin ne dole ka ɗebi dawarka ka kai kasuwa. Wanda bai da shi ya sayar da akuyar matarsa. Wanda ya kasa gaba ɗaya a zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci, 'ya'yansa da surukansa suna wucewa suna kallo. Na san mutanen da suka tafi cin rani saboda kuɗin haraji, har yau ba a san inda kabarinsu yake ba. Fulani kuma ga jangali a kan kowace saniya, shi ya sa da sun ji ƙishin-ƙishin ɗin masu ƙirga sai su kora garke cikin daji. Baba ɗan NEPU ne, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, tun shekarun 1950, ya sha bulala ya sha ɗauri a kan wannan magana. Duk wanda ya zauna da shi ya san karin maganar da ba ta barin bakinsa: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A kan alƙali yake faɗinta, a kan ɗan doka, a kan malamin da ke karɓar sadakar azzalumi. Ban san za ta zama tawa ba sai a 1979.

Sojoji sun ɗage haramcin siyasa a watan Satumba na 1978. Jam'iyyu biyar hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP ta Malam Aminu Kano. A gidanmu babu wata shawara da aka yi, ɗan Baba ina zai je in ba PRP ba? Alamarmu makulli, kirarinmu Nasara. Lokacin ba a ƙirƙiro jihar Katsina ba, sai a 1987 aka cire mu, don haka kujerar da na nema a Kaduna take. Ni ban ma nemi a tsayar da ni ba. Tsofaffin 'yan NEPU na yankinmu, da teloli, da mahauta, da ƙananan manoman auduga ne suka zauna suka ce ga malamin makaranta, ya iya Turanci, ba zai je majalisa ya yi shiru ba. Karo-karo suka yi aka buga takardun hotona. Wani tsoho mai sayar da goro ya kwance bakin wandonsa ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarma, na rantse ban taɓa karɓar kuɗin da ya yi mini nauyi irin wannan ba.

Abin da nake faɗa wa mutane ba shi da yawa. A soke haraji da jangali. Takin zamani da gwamnati ke sayarwa da rangwame ya isa hannun mai gona ɗaya, ba ya ƙare a rumbun manya su dawo su sayar mana da tsada ba. Gonakin da aka ƙwace wa talakawa da sunan gandu a bincika a mayar. Sai makaranta, wadda ita na fi daɗewa a kanta duk inda na tsaya, don na fito daga cikinta. Tun da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 yara suka cika ajujuwa, suna zaune a ƙasa, malami ɗaya da alli guntu, wani ajin ma gindin bishiya ne. Nakan ce musu ɗan hakimi da ɗan mai unguwar da ke karɓar harajinku ba su fi naku ƙwaƙwalwa ba, ni na koyar da su duka, na sani. A wurin nan ne jama'a suka fi yin kabbara.

Damina ce, hanyoyi sun lalace. Da keke muka yi yawancin yawon, wani wurin mu saɓa keken a kafaɗa mu tsallake rafi. Manomi ba ya barin noma don ya saurari ɗan siyasa, sai mu bi shi gona mu karɓi fartanya mu taya shi, maganar ta biyo baya. Ranakun kasuwa kuma mu hau kan durom.

Yanzu zan zo kan Kawu. Na san 'ya'yansa suna karanta wannan tarihi, kuma ban fasa ba. Saura 'yan kwanaki zaɓe ya zo gidanmu bayan isha'i, ya sa aka kira ni soro. Ya ce, "Ɗan nan, zauna. Manya sun aiko ni." Ya ciro ƙunshi daga aljihun babbar rigarsa ya ajiye tsakaninmu. Wai in janye, ga wannan, ga sabon babur, kuma za a mayar da ni aiki a ba ni hedimasta. In kuma na ƙi janyewa, to in karɓa dai, in na ci in san waɗanda suka taimake ni. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ku mayar musu. Kun san abin da Baba yake cewa a kan ladan kuturu." Sai ya ce Baba da maganganunsa me suka tara, ban da tabon bulala a baya? Wannan kalma ita ce ban yafe da wuri ba. Da ni ya zaga da na shanye, ƙanin mahaifiyata ne, yana da wannan iko a kaina. Amma ya taɓa bayan Baba, alhali shi kansa Kawu sau nawa Baba ya biya masa haraji don kada a zaunar da shi a rana?

Ƙunshin bai koma inda ya fito ba. Kawu ya riƙe, kuma ya yi askin. Shi ya bi dangin Inna ƙauye-ƙauye yana cewa ni yaro ne mai taurin kai, 'yan PRP ba sa ganin girman sarakuna, duk wanda ya dangwala wa makulli kada ya sa ran taki bana. Dangin Inna kuwa ba kaɗan ba ne, kun san su.

Wanda ya tsaya mini tsayin daka Goggo ce da uwar 'ya'yana. A wannan shekara ce matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe, kuma mu maza ba mu da hanyar shiga gidajen kulle. Su biyun ba su bar suna ko biki ba. Goggo takan ɗaura makullin ɗakinta a bakin zane, in hira ta yi daɗi sai ta ciro ta nuna, ta ce wannan za ku nema a takarda. Allah ya jiƙan Goggo. Ƙuri'un da na samu a cikin gari rabinsu nata ne.

Ranar 21 ga Yuli aka yi zaɓenmu, ban ci ba. Ba da yawa aka kayar da ni ba, kuma akwatunan ƙauyukan dangin Inna ne suka yi bambancin. Kujeru 99 ne a majalisar Kaduna, NPN ta kwashe 64, PRP ta tsira da 16. Bayan mako ɗaya, ga azumi ya kama, mutanen nan da suka ƙi ni suka fito suka zaɓi Balarabe Musa gwamna, ya kayar da Lawal Kaita. Da ya hau a watan Oktoba ya soke haraji da jangali, Abubakar Rimi ma ya soke a Kano. Baba na da rai, idonsa ya yi rauni, a rediyo ya ji. Ya sa aka kira masa tsofaffin abokansa da aka ɗaure su tare, suka yini a soro suna lissafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba su ga ranar ba.

Kwanakin baya jikana na wajen Babangida ya zo mini da maganar shi ma yana son majalisar jiha, tunda dokar 2018 ta rage shekarun takara daga 30 zuwa 25. Na yi murna har cikin raina. Sai ya ce wata babbar jam'iyya ta sayar da fom ɗin wannan kujera naira miliyan 2 a 2022, ban da abin da za a raba wa daliget, amma akwai wani alhaji da ya ce zai saya masa. Na ce zauna, ka san maganar kakan babanka? Ya ce ya sani. Na ce to ka je ka tambayi alhajin wane irin aski yake so kafin ka karɓa. In mutanen unguwarku ba za su iya haɗa maka ba, ka bari sai sun iya, ko ka nemi jam'iyyar da fom ɗinta bai fi ƙarfinsu ba.

Abin da ya sa nake zafi a kan kujerar majalisa, na ga abin da rashinta ya jawo. Talakawa sun ɗauka gwamna shi ne komai. Balarabe ya yi ta aika sunayen kwamishinoni majalisa tana watsi da su, har ya sauka bai kafa majalisar zartarwa ba. Ranar 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Kowane hannu da aka ɗaga a zauren nan wata mazaɓa ce ta aiko shi, ɗaya daga ciki tamu ce. Da tafiya ta yi daidai da ni ne a kujerar, da hannun nan bai tashi ba.

Washegarin tsigewar Kawu ya wuce ta ƙofar gidanmu a kan babur, irin wanda aka ce za a ba ni, ya ɗaga mini hannu. Na amsa, don Inna tana da rai kuma ta roƙe ni kada in yanke zumunci. Amma ban sake taka soronsa ba sai ranar da aka ce ciwo ya kwantar da shi, shi ma Inna ce ta aike ni da kunu. Harajin da aka soke har da nasa, bai sake biyan ko kwabo ba har ya rasu, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce 'yan makulli sun kyauta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda jam'iyya ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, da abin da ya sa ni da Yaya muka samu kanmu a ɓangare daban-daban har rasuwar Malam a watan Afrilu na 1983.