Asabar: ranar da na ɗauko tsohuwar Tektronix

Bayana ciwo yake wlh, amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni. Yau dai Allah ya yi na sayo injin nan da nake ta yi wa oga HOD, shugaban sashenmu, naci tun bara, wato curve tracer, mai zana halin taransista a kan gilashi. A lab ɗinmu yara sai dai su yi ta juya mita suna rubuta lambobi a takarda su zana giraf da fensir, awa biyu a kan ƙaramar taransista BC547 guda ɗaya, kuma rabinsu kwafa suke yi.

Ƙarfe tara na isa Sabon Gari wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da wani abokina ya haɗa ni da shi, ya ce a gwanjon wani kamfani ya kwashe su shekaru da yawa. Guda biyu ne a can ƙuryar shago an rufe su da buhu, ƙura kamar an tono su daga rami. Duka na kamfanin Tektronix ne, ɗaya samfurin 575, ɗaya 576. Gaskiya 575 ɗin ta fi burge ni a ido, tun 1957 aka fara yin irinta, cikinta kusan duk bawul ne, wato kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo, amma da na tuna in bawul ɗaya ya mutu sai na yi ta bin intanet ina nema, ga zafi ga cin wuta, sai na haƙura. Ita 576 a 1969 ta fito, taransista ne a cikinta in ban da kwalbar gilashin, kuma tana nuna ma'aunin da kake kai da lambobi masu haske a gefe, wanda don ɗalibai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ce Baba a jona 576 ɗin mu gani. Ya ce ai lafiya lau take yaro, ɗauka kawai. Na ce a'a Baba, a yi haƙuri dai. Kafin ya tada janareta sai da na leƙa bayanta na tabbatar tana kan bolt 230 ba 115 ba, don kayan Amurka ne, da tuni mun sha hayaƙi. Ta kama, ɗigon haske ya fito. Sai na ja benci na zauna ya fi minti 40 ba na yin komai sai kallo, har Baba ya fara tsarguwa yana cewa ko shayi za a kawo mini. Dalili kuwa ciwon 576 da kowa ya sani shi ne taransifomar da ke ba gilashin babbar wuta, da sanyi sai ta yi kamar lafiya, in ta ɗau zafi hoto ya dusashe. Wannan kam ba ta ko girgiza ba, alhamdulillah.

Daga nan na zaro taransista 2N3055 guda biyu daga aljihu, ɗaya tsohuwa ta asali da na ciro daga wata amfilifaya, ɗaya sabuwa fil ta kasuwa. Injin yana da gurbi biyu, hagu da dama, da makunni a tsakiya, na sa tsohuwar a hagu, sabuwar a dama. Na tura hagu, layuka goma suka jeru a kwance tsaf kamar sahun salla. Na tura dama na ƙara karan, wato wutar da ke bi ta cikinta, kaɗan, sai ga layukan sama sun matse da juna, ƙarfinta ya zube tun ba a je ko'ina ba. Baba ya gyara tabarau ya matso ya ce "to shi ya sa suke ƙone mini!" Ina jin a nan na yi wa kaina, don tun daga lokacin farashi ya ƙi sauka.

Mun yi ciniki har azahar. Na taya ya ce albarka, na nuna masa murfin roba na kariya ya tsage, kuma ba wasa ba ne don abin nan yana kai wa bolt 1500, kuma adafta ɗaya ce kawai ta rage, ta manyan taransistoci masu jikin ƙarfe da ake kira TO-3, sauran sai na ƙera da kaina. Na yi kamar zan tafi, ya bar ni har bakin titi sannan ya aiko yaronsa. Ya sallama amma ya ce in dinga barin shi yana kawo nasa taransistocin ana gwada masa, na ce Baba ai ko kullum ne.

Ɗaukowa ita ce wahalar, ta haura kilo 30, mai adaidaita ya ce sai dai in biya kuɗin mutum uku, na rungume ta a cinya duk ramin da muka faɗa sai gabana ya faɗi saboda gilashin. Lab a kulle yake sai Litinin don haka tana nan falo, maman yara ta tambaye ni wai wannan wace irin talabijin ce mai ƙaramar fuska. Kuma na manta ban karɓi rasit ba, ga mutanen akawu ba sa jin labari, dole gobe in sake komawa wajen Baba.