Katakon da bai sha hunturu ba

Cikin watan Janairun 2023, wata huɗu da dawowata Kaduna, wata Hajiya ta kira ni da sassafe. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, in ka samu sarari ka leƙa gidan ƙanwarka ka ga kayan nan da idonka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Duk wanda ya daɗe a sana'ar hannu ya san irin wannan kira, ya kuma san zuwa da kai ya fi aike. Na rufe shago na tari keke zuwa Unguwar Rimi.

Kayan ɗakin 'yarta ne na yi: gado, wadrob mai ƙyaure huɗu, madubi da teburin cin abinci. Shi ne babban aikina na farko a garin, kuma na zuba masa duk abin da na iya. Ranar jere har mata suna tambayar wa ya yi. Amma abin da na tarar ran nan ya sa gwiwata ta yi sanyi. Saman teburin ya tsage daga wannan baki zuwa wancan, tsagar da za ka iya zura kwandala a ciki. Ƙyauren wadrob biyu sun karkace ba sa haɗuwa. A gefen kowane allo an ga wani siririn layi fari, inda katako ya janye jikinsa ya bar wurin da fenti bai taɓa ba. Amarya ta ce da dare sukan ji ƙara kamar an karya kara, har mijinta ya tashi ya duba ko wani ne ya shigo.

Shekara goma sha uku na yi a Legas. Na je a 2009 ina yaron shago a Agege, a can na koyi riƙon zarto, a can na yi aure. Katakonmu daga Oko Baba muke saye, a Ebute Metta, inda a lokacin ake jawo gungume ta kan ruwa, wanda duk mai bin babbar gadar Third Mainland yake hango su jere a bakin gaɓa. Abokin gabar kafinta a Legas danshi ne. Ka bar zarto kwana uku ba ka shafa masa mai ba, tsatsa ta hau. Ka fesa fenti mai ƙyalli a watan Yuni ko Yuli, sai ya bushe da wani fari-fari kamar an zuba madara, saboda ruwan da ke cikin iska. Fumfuna tana cin bayan kabad, allon MDF, wanda ake yi da garin katako a matse shi da gam, yana kumbura in ruwa ya shiga ɗaki, kuma ruwa yakan shiga. Duk dabarun da na koya a shekarun nan na yaƙi da laima ne. Lokacin da kuɗin haya da wahalar hanya suka ishe ni, ga mahaifiyata girma ya kama ta a Tudun Wada, na yanke shawarar dawowa gida, kuma a raina na ɗauka na rabu da babbar matsalar sana'ata ke nan. Garin rana zan koma, inda fenti ke bushewa kafin azahar.

Har katako na taho da shi, rabin mota, iroko da madaci masu kyau waɗanda suka yi wata biyar a rumfa. A lissafin Legas busassu ne ƙarau. Da su na yi kayan Hajiya a watan Oktoba, ruwan ƙarshe yana sauka.

Daga gidan amarya ban koma shago ba, Tsohuwar Panteka na wuce wurin wani dattijon kafinta da ya san mahaifina. Na ba shi labari, na nuna masa hotuna a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, yaushe katakon ya iso garin nan?" Na ce Satumba. Ya ce, "To ai bai sha hunturu ba." Na ce, "Baba, wata biyar ya yi yana bushewa." Ya ce, "Ya bushe wa Ikko. Bai bushe wa Kaduna ba."

Wannan magana ita ce ta sa na sayi ƙaramar na'urar auna danshin katako, mai ƙusoshi biyu da ake soka wa jikin falanki, na kuma zauna na karanta abin da ya kamata a ce na sani tun tuni. Katako ko an yanke shi shekara hamsin ba ya daina mu'amala da iska. Iska mai laima ta zo ya sha, busasshiya ta zo ya saki, har sai ruwan jikinsa ya daidaita da na wurin da yake. A Legas danshin iska yakan zauna wajajen kashi 80 cikin ɗari kusan duk shekara, don haka katako yakan tsaya da ruwa kamar kashi 15 ko 16 cikin ɗari na nauyinsa, ya yi zamansa a nan. Ko shekara biyar ka ajiye shi a rumfa ba zai sauka ƙasa da haka sosai ba. A Kaduna kuwa, in iskar hunturu ta kaɗo daga Sahara tsakanin Nuwamba da Fabrairu, danshin iska yakan faɗo ƙasa da kashi 30, wasu ranaku da rana tsaka ma ƙasa da 20. A irin wannan iska katako yana sauka zuwa kashi 6 ko ƙasa da haka. Ruwan da ya fita kuwa, jikin katako ne ke biyansa: yana tsukewa. A tsawonsa kusan ba ya motsi, a faɗinsa yake ja. Allo mai faɗin santimita 60 zai iya rasa kusan santimita guda. Ni kuma na ɗaure saman teburin nan da gam da ƙusoshi ta kowace kusurwa, yadda muke yi a Agege ba tare da wata matsala ba. Katako ya nemi ya ja, na hana shi hanya, shi ne ya tsage kansa.

Na kwaso teburin da ƙyauren biyu na sake su da kuɗina. Hajiya ta so ta ƙara mini wani abu, na ce, "Ranki ya daɗe, kuskurena ne, a bar ni in gyara." Asarar ta cinye ribar aikin har da ƙari, a lokacin da jarina bai kai ya kawo ba.

Ban gama murnar gane wannan ba damina ta koya mini ɗaya rabin karatun. Mutanen kudu da yawa suna ɗauka Arewa ba a ruwa, ni ma da na girma a nan shekarun Legas sun sa na manta. Kaduna tana samun ruwa mai yawa, sai dai a tattare yake zuwa, daga wajajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, lokacin da kogin Kaduna ke cika har ya shiga gidajen da ke bakinsa. A Legas Agusta lokacin ɗan sararawar ruwa ne, a nan kuwa shi ne tsakiyar marka. Durowoyin da na yi a Fabrairu da busasshen katako, na auna su cif-cif ba ko ɗigon rata, sai ga su a Agusta sun kumbura sun ƙi buɗuwa. Ashe abin da ke wahalar da katako a Kaduna shi ne kai-komon: ya sha a damina, ya saki a hunturu, kowace shekara. Legas jiƙaƙƙen gari ne amma yanayinsa kusan ɗaya ne, katako ya samu wurin tsayawa. A nan ba ya tsayawa, dole mai aiki ya bar masa wurin motsi.

Don haka na sake hannu. Allon tsakiyar ƙyaure yanzu cikin kwarmi nake zura shi ba gam, ya yi yawonsa a ciki. Ramin ƙusar da ke riƙe saman tebur ina ɗan tsawaita shi. Ina shafa fenti ciki da waje, har ƙasan tebur da ba mai gani, don in gefe ɗaya ya fi ɗaya shan iska allo yakan lanƙwashe. Durowar da na yi a rani ina bar mata rata, wadda na yi a damina ina matse ta. A hunturu gam yana bushewa kafin ka gama haɗa aiki, sai ka shirya komai a hannu kafin ka buɗe gwangwani. Fesa fenti kuma da sassafe, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙura ta zauna a kai, ka yi ta bi da samfefa.

Sai maganar araha, wadda ita ce ta fi jan mutane irina su dawo. Gaskiya ne akwai ta. Abin da nake biya na ɗaki ɗaya a Agege, bayan kuɗin dillali da na takardar yarjejeniya, a nan ya kama mini ciki da falo har da tsakar gida. Tumatir da albasa da nake saye da tsada a Mile 12, daga wannan ɓangaren namu ake loda su, masara kuwa jihar Kaduna gidanta ce. A Legas ina fita bayan sallar asuba in dawo yara sun yi barci, a nan tafiyar minti ashirin ce tsakanina da shago, ina cin abincin rana a gida. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma ba na raina su.

Amma wanda zai dawo da sana'a ya sani cewa araha ba ta zaɓar inda za ta sauka, har kan aikin hannunsa tana sauka. Gadon da zan sayar a Ikeja a biya ni ba ja-in-ja, a nan sai an taya shi ƙasa da haka nesa, kuma mai tayawar sau da yawa ɗan unguwa ne ko abokin ɗan'uwa, wanda kunya ba za ta bar ka ka ce masa a'a kai tsaye ba. Katakon kurmi, irin su iroko, daga kudu yake hawowa, mota ce ke kawo shi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 komai da ke hawa mota ya ƙara kuɗi. Ka ga kayan aiki sun fi na Legas tsada, farashin sayarwa ya fi na Legas sauƙi. Kasuwar ma tana da lokutanta: kayan ɗakin amare su ne ƙashin bayan aikinmu, suna yin yawa a ƙarshen shekara da kafin azumi da bayan sallah, a tsakani kuma shago yakan yi shiru. Shekarata ta farko na sha zama da alƙalami ina tambayar kaina ko na yi gaggawa.

Inda arahar ta biya ni da gaske wuri ne da ban sa shi cikin lissafi ba. A bayan shagona akwai wani fili da mai gidan ya bar mini a kan kuɗi kaɗan. A Legas irin wannan fili da an gina masa shaguna uku. Can ba ka da inda za ka ajiye falanki, ka saya yau ka yanka gobe, ko ka so ko ka ƙi. A nan na kafa rumfar kwano, buɗaɗɗiya ta gefe biyu. Ina sayen katako da kaka, in jera shi a kan bulo don gara da laimar ƙasa, in sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta ratsa, in shafe bakunansu da ragowar fenti don ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa. A inuwa, ba a rana ba. Ita wannan rana da na yi ɗokin dawowa cikinta, in ta bugi ɗanyen katako kai tsaye fasa shi take yi. Sai ya kwana hunturu guda cur a nan kafin zarto ya taɓa shi. Kuɗi ne kwance wata biyar ko shida ba ya motsi, kuma ga mai ƙaramin jari wannan abu ne mai nauyi. Amma tun da na fara haka ba a sake kirana a kan tsaga ba.

Baban Panteka ne ya sa na fara amfani da itatuwanmu na nan, doka da maje da malaina, a ƙafafu da ƙashin ciki inda ba a neman ado. Da ina yi musu kallon katakon rufin gida kawai. Sun fi sauƙi, kuma tafiyarsu zuwa shago ba ta da nisa, amma su ma sai sun kwanta a rumfa kamar kowa.

Abin da ya fi mini wuya har yanzu shi ne mai gaggawa. Makon jiya wani Alhaji ya zo, bikin 'yarsa saura mako biyar, yana son komai da katako zalla, ya nuna sabon lodin madacin da aka sauke mini a Oktoba ya ce da shi yake so. Na ɗauko na'ura na soka a gabansa, ta nuna 14. Na ce, "Alhaji, wannan in na yi maka da shi, kafin a yi wata biyu da tarewa za ka neme ni. Ga na bara ya isa gado da madubi, wadrob kuma mu yi da MDF mai kyau, shi hunturu ba ya tsaga shi." Ya ce zai yi shawara da uwar yarinyar. Bayan ya fita yaron shagona ya ce, "Oga, in ya tafi wani wuri fa?" Na ce yana iya tafiya. Na miƙa masa alli ya je ya rubuta kwanan wata a bakin sababbin falankan, ya kuma gyara sandunan da suka goce a layi na uku.