Saura kaɗan in sayi kwali in bar tele

Wata biyu ke nan da wani abokina ya taho mani da PS5 daga Faransa, kuma tun ranar ƙanena bai bar ni na huta ba, kullum yaya tele ɗin nan ta tsufa, yaya ana kashe ni a Call of Duty kafin ma in ga mutum. Ni dai na san hannunshi ne bai iya ba amma gaskiya tele ɗin tun zamanin PS3 take, to sai na tara ƴan kuɗi ranar asabar muka hau moto muka nufi Babbar Kasuwa.

Butik ta farko da muka shiga, mai kayan ya nuna mana wata inci 55, a jikin kwalin an rubuta 120 ƙato da jan fenti. Ya ce Alhaji wannan ita ce ta masu wasa, ko a Dubai ita ake yayi. Na ce to Malam bari mu gwada, don da ma na sako PS5 ɗin a jaka da manet guda. Nan fa fuskarshi ta ɗan canza amma ya yarda, muka jona, na shiga saitin allo da bidiyo inda injin yake faɗa maka abin da tele ke iya karɓa. 60Hz. Iyakarta ke nan. Waccan 120 ta kwali ba gudun allon ba ce sam, wata dabara ce da tele ke ƙirƙiro hotuna na ƙarya ta cusa tsakanin na gaskiya don motsi ya yi santsi a fim ko kallon ƙwallo. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata, LG na cewa TruMotion, Sony na cewa Motionflow, Samsung na da Motion Rate. A wasa kuwa ba ta da amfani, ƙara jinkiri ma take yi, shi ya sa da ka sa Mode Jeu, wato saitin tele na wasa, tele da kanta ke kashe ta. Ban ma ga laifin bawan Allah ba sosai, abin da ke kwali shi ya karanta mani.

Ga wanda bai gane maganar Hz ɗin ba, sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa guda ne kawai. Mai 60 tana canza hoto duk bayan kusan milisakan 16.7, mai 120 kuma 8.3, rabi ke nan. A baki kamar ba komai ba ne amma ka juya kamara da sauri a Fortnite a kan 120 sannan ka koma 60, wallahi sai ka ji kamar ana jan ka cikin yashin Kogin Kwara. Wani abu da ke rikita mutane a nan Yamai, kayanmu da yawa na kasuwar Turai ne, kuma can 50Hz da 100Hz suke rubutawa saboda tsarin tashoshinsu da kuran ɗinsu 50 ne kamar namu. To mai 100 ta gaskiya ita ce dai mai 120, in ka jona mata inji za ta ba ka 120. Mai 50 kuma ita ce mai 60, kar wani ya ce maka wani abu daban ne.

Sai maganar ramin HDMI, wato inda ake jona wayar inji a bayan tele, nan ne na fi ɓata lokaci. 4K, wato hoto mai kaifi sosai da ya wuce 1080p da 1440p, a kan 120 yana son HDMI 2.1 wanda ke ɗaukar har gigabit 48 a daƙiƙa, tsohon 2.0 ɗin 18 ne, zai ba ka 4K a 60 ko kuma 1080p da 1440p a 120 amma ba 4K da 120 tare ba. Kuma ba kowane rami ne a bayan tele ke 2.1 ba, da yawa ramuka huɗu gare su amma biyu kaɗai ne masu ƙarfin, ɗaya daga cikin biyun ma shi ne na eARC da ake jona lasifika, to in kana da PS5 da kwamfuta da lasifika ka ga an fara rabon gado. Sababbin LG OLED na jerin C duka huɗun 2.1 ne, sai dai kuɗinsu ba na irina ba ne, na dai shafa ta na wuce. Akwai kuma wasu masu araha da allonsu 60 ne a 4K amma suna kai 120 in sun rage kaifin hoto, ba laifi in ka san abin da ka saya ke nan. Waya ma haka, wadda ta zo cikin kwalin PS5 ta isa, in za ka sayi wata nemi mai tambarin Ultra High Speed, ba irin na jika guda da ake rataye da su a Katako ba.

Abin da ya fi burge ni bayan mun samu ta gaskiya a butik ta huɗu ba 120 ɗin ba ne ma, VRR ne. Shi wannan yana sa tele ta bi gudun injin maimakon ta tsaya a lamba guda, in wasa ya yi nauyi hotuna suka sauko daga 120 zuwa 90 ko 80 ba za ka ga hoto ya tsage ko ya yi tsalle ba. Xbox Series tun fitowarta a 2020 take da shi, PS5 sai a Afrilun 2022 Sony ta ƙara mata. Masu kwamfuta sun daɗe da saninshi da sunan FreeSync na AMD da G-Sync na Nvidia. Af, masu kwamfuta, katin hoton kwamfutarku ma sai ya zama yana da HDMI 2.1, a Nvidia daga RTX 30 ne, a AMD daga RX 6000, kuma Windows sau da yawa tana zama a 60 abinta sai ka shiga saiti da hannunka ka ɗaga. Laftof ɗina ta aiki na jona, ko kusa ba ta kai 120 ba.

Yanzu gaskiyar da masu sayarwa ba za su faɗa maka ba. In PS4 gare ka, ba ta wuce 60, ko tele ta miliyan ka sayo. In kuma wasanka ƙwallo ne kawai, kamar yawancin samarin da ke cika gidajen wasa a Yantala da Boukoki da dare, FIFA 23 a 60 take gudu a kan PS5 ma. Irin wannan mutum abin da yake buƙata tele mai amsa manet da sauri a Mode Jeu, sauran kuɗin ya riƙe abinshi.

Ko kuma ya sa su a stabilizatar, don ni da na dawo gida abin da ya fara faɗo mani a rai ke nan. Watan Afrilu da Mayu in zafi ya haura 40 kowa ya kunna kilim da fanka, kuran ya yi ta tafiya yana dawowa da ƙarfi, na taɓa rasa firiji a haka. Sai da na koma kasuwa washegari na sayo stabilizatar da ƙaramar ondila, tukuna na bar yaron ya taɓa rimot. Na kuma ɗaga PS5 ɗin daga ƙasa saboda ƙura.

Daren farko mun yi kusan awa guda 120 ta ƙi fitowa, ashe sai ka shiga saitin tele ka buɗe wa ramin HDMI ɗin cikakken ƙarfinshi, a rufe yake zuwa. Da ta fito yaron ya yi ihu har Inna ta leƙo ta ce lafiya. Jiya na tsaya bayanshi ina kallo, an kashe shi sau 14, ya juyo ya ce yaya ai yanzu konekshon ne.