"Sabon Coci" mai shekara ɗari shida da ɗoriya

Ran asabar da ta wuce na shiga jirgin ƙasa zuwa Delft, wani ɗan gari a Holan tsakanin Rotterdam da Hague, wai in je in ga Nieuwe Kerk. Ma'anar sunan dai sabon coci ne. Dariya ta kama ni da naji an fara ginin hasumiyarsa tun 1396, ba'a gama ba sai 1496, shekara ɗari cif! Amma fa muma Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari kuma har yau sabo muke ce masa.

Tsayin hasumiyar kusan mita 109, ta Utrecht ce kawai ta fi ta a hasumiyoyin coci na ƙasar. Matakala 376, matsattsiya mai murɗawa, wallahi ban kai rabi ba gwiwoyina suka fara ƙorafi, ga mutane na saukowa sai kin manne da bango su wuce. Saman nata baƙi ƙirin kamar an babbaka, ashe tsawa ce ta faɗa mata a 1872 aka sake gini da wani dutse da ruwan sama ya rina shi a hankali.

Ciki ne ya fi bani mamaki. Na zaci zan tarar da gumaka da zane ko'ina, sai naga wuri fayau. Da can na 'yan Katolika ne, a 1566 masu bore suka farfasa gumakan coci-coci a ƙasar, daga baya ya koma hannun 'yan Furotesta, su kuma mimbarin wa'azi ne a gabansu, ba ruwansu da ƙawa.

To amma a ƙuryar da ya kamata bagadi ya kasance, kabarin William na Orange, jagoran boren Holan kan mulkin Sifaniya kuma kakan gidan sarautar ƙasar, ne zaune, marmara fari da baƙi, harda karensa an sassaƙa kwance a ƙafafunsa. An harbe shi a 1584 a nan Delft, ba'a iya kai shi Breda wurin kakanninsa ba saboda garin na hannun Sifaniyawa. Tun daga nan gidan sarautar ke binne nasu a ƙarƙashin cocin, Sarauniya Juliana ma can aka sa ta a 2004. Ba'a barin kowa ya sauka ciki, na ɗan tsaya kan dutsen da ya rufe ƙofar ina lissafin sarakuna nawa ne a ƙasan takalmina.